Yadda ake raba gurbin sakandare a Ingila: jagora ga iyayen da yaransu ke aji 5 da aji 6

Ranar 1 ga watan Maris na shekarar da babban ɗana zai shiga sakandare, ina tsaye a kicin wajen ƙarfe biyar na yamma saƙon ƙaramar hukumarmu ya shigo wayata. Makarantar da aka ba shi ban taɓa taka ƙofarta ba, sunanta ma babu shi a fom ɗin da na cike. Bas biyu zai hau kafin ya isa. Makaranta ɗaya tak na rubuta a fom ɗin, saboda wata baiwar Allah ta ja ni gefe a wajen wani suna ta ce, "Ƙanwata, guda ɗaya za ki sa, in sun ga ba ki da wata dole su ba ki." Da zuciya ɗaya ta faɗa, ni ma da zuciya ɗaya na ɗauka. Yaron ya yi shekara guda yana fita daga gida gari bai gama wayewa ba.

Bayan haka ne na zauna na karanta takardun da ya kamata in karanta tun farko. Abin da na gano shi ne, yawancin abin da ke faruwa ranar 1 ga Maris an riga an tsara shi tun yaro yana aji 5, watanni 18 kafin ya saka rigar sabuwar makaranta, kuma takardun suna nan a shafin hukuma ga duk mai son gani. Tun ran gini, tun ran zane. Shi ya sa na rubuta wannan domin iyaye 'yan'uwana da ke zaune a Ingila. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tsarinta, don haka kada a ɗauki ranakun da ke nan a kai can.

Wa ke ƙirga yaran, kuma ta yaya

Sashe na 14 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin tabbatar da cewa akwai isassun makarantu ga yaran yankinta. A Landan, hukumar gundumarku ce, kamar Newham ko Southwark ko Brent. A birane irin Birmingham da Manchester da Leeds, hukumar birnin ce. A wurare irin Kent da Essex da Lancashire kuwa, hukumar lardin ce ke riƙe da makarantu, ba ƙaramar da ke kwashe shara ba. Ku fara da sanin wacce ce taku.

Akwai 'yan ma'aikata a kowace hukuma da aikinsu ke nan: hasashen yawan yaran da za su nemi aji 7, wato ajin farko na sakandare, nan da shekara biyu, biyar, bakwai. Suna raba yankin gida-gida, kowane yanki da rukunin makarantunsa, sannan su tattara alƙaluman haihuwa, da ƙidayar ɗaliban firamare da ake yi a Oktoba da Janairu da Mayu, da sabbin gidajen da aka ba da izinin ginawa, da kuma rajistar yara a wajen likitan unguwa, wato GP. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu sosai. Iyali su sauka daga Kano ko Yamai su yi wata shida ba su yi wa ƙananan yara rajistar likita ba, to a lissafin hukuma yaran nan babu su a unguwar. Kowace shekara hukuma na miƙa wannan hasashe ga Ma'aikatar Ilimi, kuma a kansa ake ba ta kuɗin ƙara ajujuwa. Inda kamfani zai gina unguwa sabuwa, ana karɓar kuɗi a hannunsa a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 don a gina ko a faɗaɗa makaranta.

Ma'aunin da suke aiki da shi aji ne mai yara 30. Makarantar da ke ɗaukar aji shida a shekara tana da gurbi 180, mai aji takwas 240. Wannan adadi shi ake kira PAN, kuma dole kowace makaranta ta wallafa nata. In yara sun yi yawa a wata shekara, hukuma kan roƙi wata makaranta ta ƙara aji ɗaya na wucin gadi. In sun yi kaɗan, sai a rage PAN, domin kuɗin makaranta yawan ɗalibai yake bi, kuma kujera marar kowa asara ce.

Yanzu kuwa raguwa ake ciki. A 2012 an haifi yara 729,674 a Ingila da Wales, a 2023 aka haifi 591,072. 'Yan 2012 sun riga sun shiga sakandare a 2023 da 2024, waɗanda ke biye da su kuma galibi ƙasa suke yi. A tsakiyar Landan, inda tsadar haya ta kori iyalai da yawa, an rufe ko an haɗe firamare a Hackney da Southwark da Lambeth, har abin ya kai sakandare: makarantar Archbishop Tenison da ke Lambeth, wadda aka kafa tun 1685, ta rufe a 2023. Kada wannan ya sa ku saki jiki. Makarantar da kowa ke rububi tana nan a cike, waɗanda ake gudu ne ke rasa yara.

Sai wani ƙulli da ya kamata a fahimta tun yanzu. Nauyin samar da gurbi na kan hukuma, amma sama da kashi 80 cikin 100 na sakandaren gwamnati a Ingila akadami ne, wato makarantun gwamnati masu cin gashin kansu, ba sa ƙarƙashin ikonta. Akadami, da makarantun addini da ke da kwamitin kansu, su ke tsara ƙa'idojin ɗaukar ɗalibansu. Hukuma tana tsara na makarantun da take riƙe da su kai tsaye ne kawai, sannan ta haɗa aikin rabon gaba ɗaya. Saboda haka makarantu biyu a titi ɗaya na iya bin ƙa'idoji daban, kuma sai an karanta na kowacce.

Mataki na 1: tun aji 5, ku nemo takardu uku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku shiga shafin hukumarku ku sauko da rahoton tsarin gurabe, wanda ke nuna yankin da ake sa ran ƙarancin kujeru da wanda ake shirin ragewa. Na biyu, ƙa'idojin ɗauka na kowace makarantar da kuke so, na shekarar da yaronku zai shiga, ba na bara ba. Na uku, kuma shi ya fi duka amfani, teburin yadda aka raba gurabe a shekarun baya. A ciki za ku ga mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka a kowane rukuni, da nisan gidan yaro na ƙarshe da ya samu. Ku nemi na shekara uku a jere. In babu a shafin, ku aika imel ga sashen ɗaukar ɗalibai, za su ba ku. Akwai kuma littafin da ya tattara dukkan makarantun yankin, wanda doka ta ce a fitar da shi zuwa 12 ga Satumba kowace shekara.

Mataki na 2: ku gane yankin da kuke ciki, da abin da yankin yake bayarwa

Wanda ya yi JAMB ya san kalmar kacimen, inda jami'a ke ware kashi 35 cikin 100 na gurabenta ga jihohin da ke kewaye da ita. A can maganar jiha ce da takardar asali. A nan maganar titi ce da lambar gida, kuma ba wanda zai tambayi inda aka haifi kakanku. Yankin ɗauka layi ne da aka zana a taswira, yaran da ke zaune cikinsa ana fifita su a kan na waje. Layin kan bi babban titi, ko hanyar jirgin ƙasa, ko kogi. Yakan faru gefen dama na titi yana ciki, gefen hagu yana waje. Kuma makarantar da ta fi kusa da ku ba lallai ita ce ta yankinku ba, don an zana wasu layukan ne saboda ƙauyukan da ba su da wata makarantar.

Zama cikin yanki fifiko ne kawai, ba alƙawarin gurbi ba ne. Ga misali, a ce makaranta na da gurbi 180. Yaran da ke da takardar buƙata ta musamman, wato EHCP, wadda aka rubuta sunan makarantar a ciki, dole a ɗauke su, a ce su 6 ne. Sai yaran da ke hannun hukuma ko suka taɓa zama a hannunta, waɗanda doka ta sa a gaban kowa, a ce 4. Sai masu wa ko ya a makarantar, a ce 60. Saura 110. In yara 150 na cikin yankin suka nema, 40 za su rasa duk da suna ciki, kuma galibi nisa ne zai raba gardama. Ku duba da kyau ko 'yan'uwan da ke wajen yanki suna gaban yaran cikin yanki ko suna bayansu, domin makarantu sun bambanta a nan, kuma iyalin da suka tashi daga unguwa bayan babban ya shiga sukan sha mamaki a kan ƙarami.

A yawancin gundumomin Landan babu layi a taswira sam. Nisa ne kawai, don haka da'irar takan faɗaɗa ko ta tsuke gwargwadon masu nema a shekarar. Bana a tsaya a mita 1,400, baɗi a tsaya a 1,100. Wasu makarantun kuma firamaren da yaro ya fito suke dubawa. Wasu suna yi wa duk masu nema gwaji don su ɗauki masu ƙoƙari da matsakaita da masu rauni daidai gwargwado, kuma wanda bai zauna gwajin ba yakan koma bayan layi.

Yadda ake awon nisan ma abin lura ne. Wasu hukumomi miƙaƙƙen layi suke ja daga gida zuwa makaranta, wasu gajeriyar hanyar ƙafa suke bi. Wasu ƙofar shiga suke auna wa, wasu tsakiyar ginin. A makaranta mai faɗin fili wannan bambanci ya isa ya fitar da gida daga lissafi. Awon taswirar waya ba shi ne na hukuma ba. Ku tambaye su awonsu na adireshinku.

In kuna bakin iyakar hukumomi biyu, kuna da damar neman makarantar da ke ɗaya ɓangaren. Tun hukuncin kotu na 1989 a kan gundumar Greenwich, ba a yarda a mayar da yaro baya don kawai yana zaune a wata hukuma ba. Haka nan zama a wajen yankin ɗauka bai hana ku rubuta makarantar a fom ba.

Da yake yawancinmu haya muke yi, ga shawarata: kafin ku sa hannu a takardar haya, ku saka adireshin a taswirar hukuma da kanku. Dillalin gidaje zai ce gidan na yankin makaranta kaza, amma ba shi zai raba gurbi ba. Adireshin da ake aiki da shi yawanci shi ne inda yaro yake kwana a lokacin rufe karɓar fom, kuma kowace hukuma na da ranar ƙarshe da take karɓar sauyin gida tare da hujja.

Akwai maganar da ba na jin daɗin yi amma dole ce. Na sha jin ana cewa, "Sa adireshin Kawu kawai, ai kowa haka yake yi." Kada ku yi. Hukuma na duba rajistar harajin gida, tana tambayar firamaren yaro, wani lokaci ma ta aiko a ƙwanƙwasa ƙofa. In ta gano, doka ta ba ta damar janye gurbin, ko da yaro ya fara zuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai kwashi kunyar. Ban da haka, kujerar da aka karɓa ta wannan hanya ta ɗan wani ce da ke zaune a unguwar da gaske. In kuwa riƙo ne na haƙiƙa, yaro yana hannun gwaggo ko kaka, ku bayyana haka da takardu. Ku sani kuma cewa in yaro bai kai 16 ba, yana zaune kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba iyayensa ba, ba kaka ba, ba wa ko ya ba, ba kawu ko baffa ko inna ko gwaggo ba, doka ta ce a sanar da hukuma. Ɗan baffa ko aminiyar uwa ba sa cikin makusantan da dokar ta lissafa, duk da mu a wajenmu 'yan gida ne.

Mataki na 3: makarantun da ke da ƙofa ta daban

Makarantun girama, masu ɗauka ta jarrabawar 11+, guda 163 ne a Ingila, sun fi yawa a Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire, akwai su kuma a Trafford da Birmingham da wasu gundumomin Landan. Rajistar jarrabawar yawanci tun ƙarshen aji 5 ake rufe ta, a zauna ta a Satumban aji 6. Wanda ya jira Oktoba ya makara. Cin jarrabawar ma bai wadatar ba a wurare da dama: makarantun girama na King Edward VI a Birmingham sun koma aiki da yankin ɗauka tun daga yaran da suka shiga a 2020.

Makarantun addini, na coci ko na Musulunci irin waɗanda ƙungiyar Star Academies ke tafiyarwa, sukan nemi ƙarin fom da ake mayar wa makarantar kai tsaye. Cike wannan bai ɗauke muku cike na hukuma ba. Duka biyun ake yi.

Mataki na 4: ku je ku gani

A Satumba da farkon Oktoba makarantu na buɗe ƙofa da yamma ga iyaye. Ku je da yaron. Ku tambayi abin da ya dame ku ba tare da jin nauyi ba: wurin sallar azahar, abincin halal, hijabi, kayan motsa jiki na 'yan mata, yadda ake ladabtarwa, taimakon da ake ba yaron da Turancinsa bai zauna ba. Rahoton Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, yana da amfani, amma gani ya kori ji. Abin da ya fi buɗe min ido shi ne komawa wata ranar da ba ta taro ba, na tsaya nesa da ƙofa lokacin tashi ina kallon yadda yara ke fitowa da yadda malamai ke musu magana. Sannan ku bi hanyar da kanku da safe a lokacin da yaro zai bi ta, ku tuna kuma a Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Wata al'ada da muka zo da ita ba ta aiki a nan. Zuwa gaida shugaban makaranta don a yi alfarma ba ya ƙara komai. Dokar ɗaukar ɗalibai ta 2021 ta hana ganawa da iyaye ko yaro don tantancewa, ta hana tambayar sana'ar iyaye, ta hana neman kuɗi.

Mataki na 5: fom, zuwa 31 ga Oktoba

Fom ɗaya ake cikewa, a shafin hukumar da kuke zaune a cikinta, ko da makarantun na wata hukumar ne. Doka ta ce a ba ku damar zaɓi aƙalla uku. A Landan shida ne. Ku cike dukkan guraben.

Ga yadda rabon yake tafiya, domin nan ne na faɗi. Makaranta ba ta sanin ko ita ce ta ɗaya ko ta shida a jerinku. Kowacce tana jera duk masu nemanta bisa ƙa'idojinta. In yaronku ya haye a makaranta biyu ko uku, hukuma za ta ba ku wadda kuka sa a sama, ta saki sauran ga wasu. In bai haye ko ɗaya ba, sai a jira a gama da kowa, a ba shi makaranta mafi kusa da ta rage da kujera. Ke nan rubuta guda ɗaya bai ƙara muku ƙarfi ko kaɗan ba, kuma rubuta suna ɗaya sau uku ɗaya ne da rubuta shi sau ɗaya.

Saboda haka ku sa wadda kuka fi so da gaske a sama, ko da damar samunta kaɗan ce, don ba za ta rage muku komai a sauran ba. Amma a cikin jerin dole a sami aƙalla guda wadda teburin shekara uku ya nuna gidanku na shiga da rata mai kyau. Ko ba ta burge ku sosai ba, ku sa ta a ƙasa. Ita ce ke tsakaninku da makaranta mai bas biyu. A 2024 kimanin kashi 83 cikin 100 na yaran Ingila suka sami zaɓinsu na farko, a Landan kuwa kusan 7 cikin 10, wato iyalai dubbai ne zaɓi na biyu da na uku suka rufa wa asiri.

Ku rubuta sunan ɗan'uwan da ke makarantar a gurbin da aka tanada, kada ku ɗauka sun sani. In akwai dalilin lafiya ko na halin iyali kuma makarantar na da wannan rukuni, takardar likita ko ta ma'aikacin jin daɗin jama'a ce hujja, kuma ta faɗi dalilin da ya sa sai wannan makarantar. Bayan kun aika, ku adana imel ɗin tabbaci. Fom ɗin da ya makara sai an gama da na kowa ake duba shi.

Mataki na 6: ranar 1 ga Maris da abin da ke biyo baya

In ranar ta faɗo ƙarshen mako, sai ranar aiki ta gaba. Duk abin da aka ba ku, ku karɓa cikin wa'adin, wanda yawanci mako biyu ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Karɓa ba ya cire ku daga layin jira, ba ya raunana ɗaukaka ƙara. Ƙin karɓa kuwa na iya barin yaro babu makaranta a Satumba.

Ku tabbatar sunan yaro na layin jiran duk makarantar da kuka fi so. Layin ba na wanda ya riga zuwa ba ne, ƙa'idojin fifikon nan ake bi, don haka yau kuna na 5, gobe wani ya tare kusa da makarantar ku koma na 6. Dole a riƙe layin aƙalla zuwa 31 ga Disamba. Yakan motsa sosai tsakanin Maris da Satumba, lokacin da wasu ke tafiya makarantun kuɗi ko suna barin gari. Ta wannan hanya ɗana ya samu komawa kusa da gida, bayan na sabunta sunansa a layin.

Ɗaukaka ƙara haƙƙinku ne a kan kowace makarantar da ta ƙi ku. Za a ba ku aƙalla kwanakin makaranta 20 ku shigar, a sanar da ku ranar zama aƙalla kwanakin makaranta 10 kafin lokaci, a saurari ƙarar cikin kwanakin makaranta 40 daga rufe karɓa, hukunci kuma yakan fito cikin kwanakin makaranta 5. Kwamiti ne mai zaman kansa na aƙalla mutum uku. Da farko makaranta za ta nuna cewa an bi ƙa'ida kuma ƙarin yaro ɗaya zai cutar da karatu. Sannan ku kawo naku, a auna wanne ya fi nauyi. Kada ku ɓata lokacinku wajen kushe makarantar da aka ba ku. Ku faɗi abin da wannan yaron zai samu a waccan wanda ba zai samu a wani wuri ba, da takarda a hannu: wasiƙar asibiti, jadawalin bas, darasin da ita kaɗai ke koyarwa. Kuna iya zuwa da wani ya raka ku, kuna iya neman tafinta tun da wuri. Kusan ƙara ɗaya cikin biyar ke yin nasara, don haka ku shiga da shiri, kada kuma ku saki gurbin da ke hannu.

Game da mota, yaron da aka ba makaranta mafi kusa da ta dace kuma nisanta ya wuce mil 3 yana da haƙƙin sufuri kyauta. Ga iyali masu ƙaramin ƙarfi, ana bayarwa in makarantar na cikin uku mafi kusa kuma nisan na tsakanin mil 2 da 6, ko mil 2 zuwa 15 in saboda addini aka zaɓe ta. Wanda ya tsallake makarantar kusa da kansa bai rubuta ta a fom ba yakan rasa wannan haƙƙi.

Waɗanda suka sauka ƙasar a tsakiyar shekara, fom ɗinku daban ne, na shiga tsakiyar zango, kuma dole a ba ku amsa a rubuce cikin kwanakin makaranta 15. Sharaɗin biza na hana cin tallafin gwamnati bai shafi makarantar yara ba.

Mataki na 7: lokacin da ake zana layin

Wannan ne matakin da ban taɓa ganin mutanenmu a cikinsa ba, alhali a nan ake yanke komai. Duk mai son sauya yankin ɗauka, ko rage PAN, ko sake jera ƙa'idojin fifiko, dole ya nemi jin ra'ayin jama'a na aƙalla mako shida tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Janairu. Ko ba a sauya komai ba, dole a yi hakan sau ɗaya cikin shekara bakwai. Ƙara PAN ba ya buƙatar wannan. Ana yanke hukunci zuwa 28 ga Fabrairu, a wallafa zuwa 15 ga Maris.

Birnin Brighton da Hove ya nuna yadda abin ke da nauyi. Tun daga yaran da suka shiga a 2008 birnin ke aiki da yankunan ɗauka tare da ƙuri'ar sa'a, inda kwamfuta ke zaɓo suna a tsakanin yaran yanki ɗaya ba tare da duba nisa ba, don kada mai kuɗin sayen gida a bakin ƙofar makaranta ya kwashe komai. Amma wasu yankunan na da makaranta biyu, kamar Dorothy Stringer da Varndean, wasu kuma guda ɗaya, kuma mutanen unguwar Whitehawk sun daɗe suna kukan an bar 'ya'yansu a baya. A 2024 hukumar ta amince a fifita yaran da ke cin abincin makaranta kyauta, wato 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Daga baya ta kawo shawarar ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga yaran yankuna masu makaranta ɗaya. Iyaye daga ɓangarori biyu suka cika tarurruka suka aika ra'ayi, a 2025 aka tsaya a kashi 5. Ko mutum na ganin an kyauta ko an tauye, waɗanda suka yi magana su suka motsa adadin.

In hukumarku ko wata akadami ta fitar da irin wannan sanarwa, ku buɗe sabuwar taswirar ku nemi titinku. Amsar da ake ɗauka da muhimmanci ita ce mai lissafi: daga titi kaza zuwa makarantar da aka mayar da mu babu bas kai tsaye, tafiyar minti kaza ce, sai an tsallaka babban titi marar fitilar tsallakawa, ƙannen da yayyensu ke tsohuwar makarantar me za a yi da su. Ku nemi a rubuta kariyar 'yan'uwa a cikin ƙa'idar na shekarun sauyi. Kowane gida ya aika tasa amsar da kalmominsa, hakan ya fi takarda ɗaya mai sa hannun mutum hamsin. Ku tura kwafi ga kansilan mazaɓarku, ku same shi a zaman ganin jama'a da yake yi. A masallaci ko ƙungiyar 'yan gida, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin leƙa shafin hukuma a Oktoba da Nuwamba ya sanar da saura.

In an yanke kuma kuna ganin ya saɓa wa doka, ko layin da aka zana bai dace da hankali ba, ko ba a fayyace shi ba, kowa na iya kai ƙorafi Ofishin Alƙalin Makarantu zuwa 15 ga Mayu, kyauta, kuma hukuncinsa dole a bi shi.

Ga yaron da zai shiga aji 7 a Satumban 2028, jin ra'ayin da ya shafe shi zai gudana tsakanin Oktoban 2026 da Janairun 2027, yana aji 5. Za a yanke a Fabrairun 2027, ƙorafi zuwa 15 ga Mayun 2027, fom zuwa 31 ga Oktoban 2027, sakamako 1 ga Maris 2028. Na ƙaramar 'yata na rubuta su a takarda na manna a jikin firji, a gefe kuma nisan gidanmu zuwa makarantu shida kamar yadda hukuma ta auna mana.